Hausa Kaɗai Ta Rage a Bakin Ishaya

A Mosko aka fara sauya mini hanya. Takardar da na baro Zariya da ita cewa ta yi aikin injiniyan ruwa zan karanta, kuma a nan babban birnin Tarayyar Sobiyet zan zauna. Da muka sauka, aka tara mu a wani dogon ɗaki mai warin taba da jiƙaƙƙun takalma. Wata mata mai furfura tana kiran suna, tana miƙa wa kowa ɗan kati. Da ta zo kaina ta faɗi kalma biyu, tafinta ya maimaita mini: "Tashkent. Auduga."

Na ce ya gaya mata an yi kuskure. Ko juyawa bai yi ba. Ya dube ni ya ce da Turanci, "A ƙasarku ba a noman auduga ne?"

Na ce ana yi.

Ya ce, "To me kuma ya rage?"

Sunana Sa'idu. A Limancin Kona aka haife ni, cikin birnin Zariya, a gidan da ba a san fartanya ba sai littafi. Mahaifina, wanda duk muke kira Malam, a zaure yake wuni yana ba manya karatu. Ni kuma boko na yi, na taɓa ɗan aikin akawu kafin a ba ni wannan gurbi a tsakiyar shekarun 1980. An yi mini addu'a, an raka ni, unguwa ta san na tafi zama injiniya. Da wace fuska zan koma in ce ban so abin da aka ba ni ba? Na karɓi katin.

Jirgin ƙasa ya yi ta tafiya da mu kwana da kwanaki. Dazuzzuka suka ƙare, muka shiga wani fili da babu itace, babu dutse, babu mutum, sai raƙumi jefi-jefi. Ina zaune a bakin taga da burodin da ya bushe a hannuna. Yara na leƙowa cikin taragon suna kallona, wani ma ya lakaci bayan hannuna da yatsa ya duba ko baƙin zai goge. Ban yi fushi ba. Gajiyar ta fi ƙarfin fushi.

A Tashkent, babban birnin yankin Uzbek, aka ajiye ni a masaukin ɗaliban ƙasashen waje, wani bene mai tsawo da kowane hawa yake da kicin ɗaya. Makonnin farko ban yi wa kowa magana mai tsawo ba. Rashanci ba ya shiga kaina, abincin kuwa kabeji ne da dankali, yau da gobe da jibi. Wata ranar hutu da rana na je dafa shinkafa, marfin tukunya ya ƙone mini yatsa, na ce, "Wayyo Allah!"

Sai na ji an ce a bayana, "Sannu. Sa shi a ruwan sanyi."

Na juya. Wani dogon saurayi ne baƙi, mai wushirya, riƙe da butar shayi. Ya ce, "Na ina ne?"

"Zariya."

"Zariyar ina?"

"Cikin birni. Limancin Kona."

Ya ajiye butar, ya yi ta dariya har da jingina da bango. "Ni kuma Wusasa! Ka ji ikon Allah. Tafiyar keke ce tsakanin gidanku da namu, amma sai da muka zo bangon duniya za mu gaisa. Sunana Ishaya."

Gaskiyarsa ce. Na sha wuce Wusasa a mota, ina hango dutsenta da cocinta, amma ban taɓa taka cikinta ba. A gidanmu in an ambace su, cewa ake yi Hausawa ne da suka bi mishan, daga nan a sauya magana. Ishaya ya riga ni zuwa da shekara guda, likitanci yake karantawa. Tun daga ranar ya raɗa mini ɗan Birni, ni kuma ina ce masa ɗan Wusasa.

Shi ya fara kai ni babbar kasuwar garin. Mutum ne mai kunnen yare. Rashanci a bakinsa kamar ruwa, ya kuma tsinci yaren Uzbek a wurin masu shara da masu sayar da burodi. Muka tsaya gaban wani tsoho mai farin gemu da ya tara kankana da danginta tsibi-tsibi, wasu dogaye, wasu rawaya, wasu masu zane. Ishaya ya tambaye shi abin da yake da shi. Tsohon ya buɗe hannuwa ya ce, "Hilma-hil!"

Ishaya ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Ka ji? Hilma-hil. Iri-iri ke nan a yarensu. Su ma sai sun faɗa sau biyu."

Tsohon ya ɗago wata doguwa, ya yi magana, na ji kalmar "nav" a ciki. Ishaya ya ce wai wannan wani irin ne dabam. Ban san lokacin da na ce, "Nau'i?" ba. Tsohon ya ƙura mini ido. Ya ce, "Nav, nav!" Ya tambayi Ishaya ko na san Larabci, ko ni Musulmi ne. Da aka ce masa haka ne, sai ya waiga hagu da dama, ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi mini sallama a hankali. Ya yanka kankanar ya ba mu, ya ƙi karɓar komai.

Ni dai ina ci, amma ba a kasuwar nake ba. Muryar Malam nake ji a zaure, yana ɗaga yatsu yana cewa, "Wannan mas'ala nau'i biyu ce." Ashe kalmar ta taso daga ƙasar Larabawa, wani reshe ya gangara har Limancin Kona, wani ya hauro har bakin wannan tsoho. Sai da na juya baya na share ido.

Daga wannan rana Ishaya ya samu abin yi. Duk wanda ya shigo kicin ɗinmu sai ya tare shi ya tambaye shi yadda ake cewa iri-iri a garinsu. Tesfaye, wani ɗan Habasha da ke kusa da ɗakinsa, ya ce liyu-liyu. 'Yan Tanzaniya suka ce mbali-mbali. Ba'indiye ya ce tarah-tarah. 'Yan Afganistan suka ce guna-gun. Bayarabenmu ya ce orishirishi, ɗan Ibo ya ce iche-iche. Ni ma na ba da tawa gudummawar, domin kakata Bafulatana ce, na sha jin tana cewa feere-feere. Ishaya ba ya rubutawa. A ka yake riƙe su, yana juya miya yana rera su kamar mai talla.

Yakan ce, "Ɗan Birni, duk mutanen da suka taɓa ganin yalwa, bakinsu ba ya iya faɗinta sau ɗaya, sai sun maimaita. Turawan Ingila ne suka yi mata kalma guda a tsuke, kamar masu tsoron ta ƙare. Rashawa masu masaukinmu kuwa sun yi mata kalma mai tsawo kamar layin burodi, raznoobraziye, amma shiga kantinsu ka gani, sabulu iri ɗaya ne tun daga nan har Mosko."

Ni a makaranta kalmar "sort" ce ta cika mini kunne, wato irin auduga: wannan mai dogon zare, wancan mai jure ƙishi. Ishaya ya ce Hausa ta fi su wayo, da kalma ɗaya ta haɗa abin da ake shukawa da launin abu da asalin mutum. Ban damu da wayon Hausa ba a lokacin. Da kaka ta yi, kwashe mu aka yi zuwa gonakin gwamnati ɗibar auduga, wai aikin gwaji. Daga fitowar rana mutum yana duƙe da buhu ɗaure a ƙugu, ɓawon audugar yana tsattsaga masa yatsu, ruwan sha daga kwata. Kowace shekara haka. Na dawo daga ta farko da shawara, idona rawaya. Ishaya ne ya yi ta hawa da sauka da kwanon kunun shinkafa har na miƙe.

Sau ɗaya muka yi nesa da juna. Yana da wata ƙaramar rediyo da muke kama sashen Hausa na wata tasha da ita. Wata safiya muna shan shayi aka ce rigimar addini ta tashi a jiharmu, ta iso Zariya, an ƙone wuraren ibada, har aka ambaci Wusasa. Ishaya ya kashe rediyon. Ya tashi ya wanke kofinsa ya fita. Mahaifiyarsa kaɗai ta rage masa a duniya, kuma a can take.

Na rasa abin da zan ce masa. In mun haɗu a matakala sai mu ɗaga wa juna hannu mu wuce. Ni ban san su wa suka fita ba a ranar, ban san ko akwai wanda na sani a cikinsu ba, shi ma bai tambaye ni ba. Aka ɗauki lokaci a haka. Sai wata rana ya ƙwanƙwasa ƙofata da ƙullin leda a hannu. Wani ɗalibi ne ya dawo daga hutu, Mama, mahaifiyar Ishaya, ta ba shi saƙo: tana nan lafiya, ga kuka da daddawa.

Ya ce, "Tashi ka ɗora ruwa. Ni kaɗai ba zan iya shan miyar nan ba. In gishiri ya yi yawa wa zan gaya wa?"

Shekaru suka tafi a haka, ba mu taɓa zuwa gida ba. Ina shekarar ƙarshe ƙasar da ta kawo mu ta wargaje. Muka wayi gari a wata sabuwar ƙasa da ba ita ta gayyace mu ba. Alawus ɗin da ake ba mu ya koma abin da ba ya sayen burodin mako. Hukumar da ta turo mu daga gida ta yi shiru. Malamai Rashawa suka fara haɗa kaya suna tafiya. Aka daina ɗumama ɗakunanmu, da kwat ɗin sanyi muke kwana. Kicin ɗin da ake jin yare goma ya zama kango, kowa ya kama gabansa. Tesfaye ma ya bar karatun ya tafi Mosko dako a kasuwa.

A cikin sanyin shekarar ne, da rana tsaka, wasu samari suka tare Ishaya a tashar bas yana dawowa daga asibitin da yake koyon aiki. Kwat ɗinsa da hularsa suke so. Ya tsaya yi musu magana da yarensu, kamar yadda ya saba kashe kowace rigima da baki. Ɗayansu ya zagayo ta baya ya buga masa ƙarfe a ka.

Ya daɗe bai farfaɗo ba. Ranar da ya buɗe ido ina makaranta, da na iso na tarar da likitoci sun kewaye gadon. Suna yi masa Rashanci, yana kallonsu kamar bai taɓa jin sautin ba. Wata nas ta gwada yaren Uzbek. Wani ya gwada Turanci. Sai zare ido yake yi, yana ja da baya a kan filo. Da ya hango ni a bakin ƙofa ya ce, a hankali, bakinsa a ɗan karkace, "Sa'idu, ƙishirwa nake ji."

Babban likitan ya ja ni gefe. Ya ce akan samu haka. Yarukan da mutum ya koya da girma sukan zube, na goyo ya rage. Wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba. Hannunsa na dama da ƙafarsa ma sun yi rauni. Ya buɗe mini wani kabad da babu komai a ciki sai auduga, ya ce, "Ka ga abin da muke da shi. Ku kai shi gida wurin danginsa."

A duk garin ni kaɗai nake jin abin da Ishaya yake faɗa, ni kaɗai kuma yake jin abin da nake faɗa.

Na je wurin farfesan da ke duba aikina. Watanni kaɗan suka rage in kare binciken da na yi shekaru ina yi a kan wani irin auduga. Dattijo ne mai kirki. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Ka jira bazara. In ka tafi yanzu, ban yi maka alkawarin za ka dawo ka same ni ba. Ni ma neman mai sayen gidana nake yi."

Na yi niyyar jira. Na ɗauko Ishaya na ajiye shi a ɗakina, in dafa abinci in rufe masa in tafi makaranta. Amma ba ya iya zama shi kaɗai. In wani ya yi magana a waje da ƙarfi sai ya rufe kai da hannu. Wata rana da la'asar na dawo na tarar da mutane sun taru a bakin titi. Ishaya ne a tsaye cikin dusar ƙanƙara, babu takalmi, yana tare masu wucewa yana tambayarsu da Hausa inda ake shiga motar Tudun Wada. Yatsun ƙafarsa sun yi fari fat.

Ina gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi ya ce, "Ɗan Birni, kar ka bari in mutu a nan. Ba wanda zai san abin da na ce."

Na sayar da rediyon, da agogona, da littattafansa na likitanci, da duk abin da wani zai saya. 'Yan Najeriyar da suka rage suka haɗa abin da suka iya. Ƙunshin anguryata da takardun bincikena na bar wa wani ɗan ajinmu, na ce ya riƙe mini, yanzu zan dawo.

A jirgin Mosko matar da ke kula da taragonmu wata ƙatuwa ce mai muryar maza. Ishaya ya tsaya a hanya da ƙafarsa mai ja, ta daka masa tsawa. Ya durƙushe ya rufe kai. Hularsa ta faɗi, ta ga ɗinkin da ya ratsa kansa daga kunne zuwa ƙeya. Ta je ta tashi wani mutum daga gadon ƙasa ta mai da shi sama, ta kwantar da Ishaya, ta kawo bargonta. Har muka isa, shayi ba ya yanke mana. Takan zauna a gefensa ta yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da yaren da ba ya ji, shi kuma ya ba ta amsa da Hausa, kowa ya gamsu.

Mosko ta canja. Ko'ina mutane a tsaye bakin titi suna sayar da abin da suka mallaka, wata takalmi, wani kwalba guda. Tikitin jirgin sama zuwa gida da na yi zaton kuɗinmu zai saya, farashinsa ya ninka. Ɗalibai irinmu sun cika gari, kowa da kukansa. A wani masauki da baƙaƙen fata ke taruwa na haɗu da Tanko. Shi ya fara yi mana sallama, da Hausa tsantsa. Ya ce ya daɗe a garin, ya san mutane a kamfanonin jirage, yana samo tikiti da rangwame. Ya kai mu ya saya mana abinci mai zafi, ya riƙe wa Ishaya cokali da hannunsa, yana cewa, "Allah sarki, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kamar ka isa gida."

Na daɗe ban ji Hausa a bakin mutum na uku ba. Na ba shi duk abin da ke hannuna. Bai gudu ba, ya dawo da tikiti biyu masu kyau, da sunayenmu a jiki.

Ranar tafiya Ishaya ya sa na aske masa gemu. Ya sa rigarsa mai kyau. A cikin bas yana ta lissafa mini abin da zai ce Mama ta dafa. Muka bi layi har gaban matar da ke karɓar tikiti. Ta duba, ta juya su, ta kira wani ya duba. Ta turo mini su ta ce, "Wannan takarda ce kawai. Wa ya sayar muku?"

Ishaya ya ja rigata. "Me ta ce? Mu shiga?"

Na ce, "Ta ce jirgin ya lalace. Sai wani lokaci."

Ban sake ganin Tanko ba.

Tesfaye na nema, na same shi a wata babbar kasuwa ta fili yana jan amalanken kaya. Bai yi wata tambaya ba. Ya kai mu ɗakin da suke kwana su da yawa, ya ba Ishaya katifarsa, shi ya koma kan kwali. Ya durƙusa gabansa ya ce, "Ishaya, liyu-liyu! Ka tuna?" Ishaya ya yi masa murmushin da ake yi wa baƙo. Tesfaye ya tashi ya fita, ya daɗe bai shigo ba.

Ni ma na shiga dako. Ɗan malami, mai shirin zama masanin auduga, ina ɗaukar dilar kaya a ka cikin laka da ƙanƙara. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, lokacin da ya kamata in tsaya gaban malamaina ya zo ya wuce ina ƙarƙashin dila. Ban ma ji zafin abin ba sosai. Akwai gajiyar da in ta kai wani wuri, mutum ba ya jin komai sai nauyin ƙafarsa.

A kasuwar na ɗauki kayan wata Bayarabiya, Mama Kemi, 'yar kasuwa daga Legas. Na yi tuntuɓe na ce, "Subhanallahi, na gaji." Ta tsaya ta ce da Hausa, "Kai yaron ina ne?" Ashe a Sabon Garin Zariya ta girma. Na ba ta labari a tsaye. Ta ce in kai ta ta gan shi.

Ta zauna a gefen katifar ta yi ta hira da shi, tana tambayarsa mutanen Wusasa da ta sani. Daga nan ta ce da ni, "Ni ba sadaka zan yi ba, kar ka gode mini. Kaya sun yi mini yawa, jirgi ba zai ɗaukar wa mutum ɗaya ba. Zan yanka muku tikiti, ku kuma ku bar naku kayan, ku ɗauki nawa da sunanku."

Ba mu da kayan da za mu bari. Ranar da muke ɗaure jakunkunanta a masaukinta, ta zazzage su a ƙasa: dutsen guga, tukwane, agogo, kyamara, cokula. Ta tafa hannu ta ce, "Ka gani? Orishirishi!"

Ishaya, da ke zaune a kan kujera, ya ɗago kai. Ya ce, "Iri-iri." Sai ya juyo gare ni, goshinsa a tattare. "Akwai saura, Sa'idu. Da na san su da yawa, ko?"

Na ce, "Ka sani."

"Ina suka tafi?"

Na zauna a kan jaka na jero masa su ɗaya bayan ɗaya, hilma-hil, liyu-liyu, mbali-mbali, tarah-tarah, har na kakata. Yana gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa sunayen mutanen wani gari. Da na gama ya ce, "Suna da daɗi." Mama Kemi ta juya baya tana ta ɗaure jakar da ta riga ta ɗaure.

A Legas ta karɓi kayanta, ta sa mu a motar Arewa, ta cusa mini burodi da ƙosai a leda. Muka iso Zariya da hantsi, na ɗauki tasi kai tsaye zuwa Wusasa. Ishaya ne ya nuna hanya, ba kuskure ko ɗaya: bayan coci, kusa da wata bishiyar mangwaro. Wata dattijuwa tana tankaɗe a tsakar gida. Na yi sallama, na ce ni ne Sa'idu, abokin Ishaya. Ta saki rariyar ta taso. Ta san sunana daga wasiƙunsa. Ta dube ni, ta dubi ramammen mutumin da ke jingine da kafaɗata, ta leƙa bayanmu wajen ƙofa.

Ta ce, "To ina Ishayan?"

Ya ce, "Mama, ni ne."

Ba zan iya faɗin ƙarar da ta yi ba. Maƙwabta suka cika gidan. Ta zaunar da shi a tabarma tana shafa tabon kansa, tana kiran sunansa. Can ta tuna da ni, ta taso za ta durƙusa a gabana, na riƙe ta na ce, "Mama, don Allah kar ki yi." Ta kawo mini ruwa a kwanon sha, ta tsaya a kaina har na shanye.

Ban koma Tashkent ba. Babu kuɗin, babu biza, wasiƙun da na aika wa farfesa ba a amsa ba. Yau shagon irin shuka da taki nake da shi, manoman ƙauyukan kewaye ne abokan cinikina. Ishaya ya rayu shekaru bayan haka a ɗakin mahaifiyarsa. Turanci ya ɗan dawo masa, sauran ba su dawo ba, likitancin ma haka. Duk Juma'a bayan masallaci nakan hau keke in je mu zauna ƙarƙashin mangwaron, har Allah ya karɓi abinsa.

Amma a ranar da na iso, daga Wusasa da ƙafa na shiga birni, ba jaka, ba tsaraba, da takalmin dako a ƙafata. Na bi lunguna ina sunkuyar da kai kada a gane ni. Na isa ƙofar gidanmu bayan la'asar. Malam yana zaure a kan buzunsa, ya tsufa ƙwarai, almajiransa manya sun kewaye shi da littattafai a buɗe. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Sai da ya kai ƙarshen layin da yake fassarawa sannan ya ɗago.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Sa'idu. Ka gama?"

Na ce, "Ban gama ba, Malam."

Na ba shi labarin duka, kaina a ƙasa. Wani ƙanen mahaifina da ke gefe ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Shekarun nan duka, a kan ɗan Wusasa?"

Malam bai dube shi ba. Ya rufe littafin da ke gabansa. Ya ce, "Ka kai shi har hannun uwarsa?"

Na ce, "Na kai shi."

Ya ce, "To tashi ka shiga wurin taka. Ta daɗe tana jira."